Kansar huhu mai ƙananan sel: me ya sa take narkewa da kemo sannan ta dawo da ƙarfinta?

'Yar Baba:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin likitanci da na kimiyya ina da tambaya, ta daɗe tana cina a rai. Mahaifina ya rasu wata bakwai kenan, kansar huhu ce, irin wadda likitoci suka ce mana mai ƙananan sel ce. Abin da har yau na kasa ganewa shi ne, da aka fara masa kemo zagaye biyu kacal aka yi tarin ya lafa, kumburin fuska da na wuya ya sace, mutumin da sai an riƙe shi ya koma hawa bene da ƙafarsa, da aka sake sikanin likita da kansa ya juyo mana da fuskar kwamfutar yana nuna mana, ni da idona na ga abin da yake kamar dunƙulen hannu a tsakiyar ƙirji ya koma ɗan tabo. Wata huɗu da gama kemo wata safiya ya ɗauki kofi kawai sai ya suɓuce daga hannunsa na hagu, aka duba sai ga shi a ƙwaƙwalwa, bayan nan hanta, kuma aka sake magani amma kamar ruwa ake zuba masa. Ba zargin kowa nake ba wlh, sun yi iya ƙoƙarinsu. So nake in gane me ke cikin wannan abin da yake sa shi haka.

Anti Nas:
Allah ya jiƙan Baba ya sa jinyar ta zama kaffara, ke kuma ya ba ki haƙuri ƙanwata. Na yi shekaru a ɗakin masu kansa kuma abin da kika faɗa ɗin nan kamar kina karanto min fayil ɗin marasa lafiya da yawa ne. Wannan nau'in haka yake, zagayen farko 'yan uwa har kuka suke na murna, mu kuma da muka saba gani sai zuciyarmu ta kasa sakewa. Masu bayanin ciki za su zo, ni dai ki sani ba Baba kaɗai ba ne.

Ɗalibin Likitanci:
Allah ya gafarta masa yaya. A yadda aka koya mana amsar a saurin rabuwa take. Kemo irin su cisplatin ko carboplatin da etoposide suna kashe sel ɗin da ke tsakiyar rabuwa ne, ita kuma wannan kansar kusan duk sel ɗinta a cikin rabuwa suke, in aka yi musu rinin Ki-67, mai nuna sel ɗin da ke cikin rabuwa, za ki ga sama da rabi, wani lokacin kusan duka, sun kama. Shi ya sa take narkewa. Sai 'yan kaɗan da suka samu sabon kuskure a DNA su tsira su sake cika wurin. Kenan sauri ne ya sa ta ji magani, sabon kuskure kuma ya sa ta daina ji.

Ɗan Lab:
Allah ya jiƙansa da rahama. Ƙanina rabin farkon maganarka na yarda da shi, rabi na biyun ne za mu ja, amma bari in fara daga tushe saboda yayarmu.

Kowane sel na jikinmu yana da birki biyu manya. Ɗaya furotin ne da ake kira RB, ƙwayar gadonsa RB1 tana kan kuromosom na 13, aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe wasu furotin da ake kira E2F, muddin yana riƙe da su sel ba zai fara kwafar DNA ɗinsa don ya rabu ba. Na biyun p53 ne, ƙwayar gadonsa TP53 a kuromosom na 17, shi kuma in DNA ta lalace shi ke cewa a tsaya a gyara, in ta ƙi gyaruwa ya umarci sel ɗin ya kashe kansa. Kowannensu kwafi biyu muke da shi, na uwa da na uba, sai an rasa duka biyun birkin ke tsinkewa. To a 2015 masu bincike ƙarƙashin Roman Thomas a jami'ar Kolon ta Jamus suka karanta DNA ɗin ƙari 110 na wannan kansar kaf, suka tarar kusan a dukkansu an rasa TP53 da RB1, kwafi bibbiyu. Sauran kansoshi za ki ga wannan ya rasa ɗaya wancan bai rasa ko ɗaya ba, ita wannan kusan sharaɗinta ne ta rasa duka. Kuma tun 2003 lab ɗin Anton Berns a Amstadam suka goge waɗannan biyun kawai a huhun ɓera, bayan watanni sai ga kansar ta fito sak irin ta mutum har da bazuwa zuwa hanta.

Sai ki ɗora totur a kai. Akwai dangin MYC su uku, MYC da MYCL da MYCN, a wasu marasa lafiya za ki ga an kwafi ɗayansu sau da yawa a cikin sel ɗaya. MYCL ma a jikin wannan kansar aka fara gano shi a 1985. Mota a gangare, ba birkin ƙafa ba na hannu, ga ƙafa a kan totur.

Malamin Bayoloji:
Madalla ɗana, ka kawo abin a fili. Amma akwai abin da nake so ka warware wa masu karatu, ni ma ɗalibaina sun taɓa tsare ni da shi. In p53 ne ke sa sel ya kashe kansa idan DNA ta lalace, kuma kemo lalata DNA yake yi, to kansar da ba ta da p53 ai kamata ya yi ta fi kowa taurin kai tun ranar farko. Yaya aka yi ita ce ta fi narkewa?

Ɗan Lab:
Malam wannan tambayar ta manya ce. p53 ba shi kaɗai ne hanyar mutuwa ba. Sel ɗin da ya rasa birki biyun nan yana kwafar DNA cikin gaggawa, injin kwafar yana ta sarƙewa yana tsayawa, dama can a bakin rami yake rayuwa, abin da ya rage masa 'yan masu gadi ne irin su ATR da CHK1. Da platinum, wato cisplatin ko carboplatin, ya zo ya ɗaure igiyoyin DNA biyu da juna, etoposide kuma ya hana topoisomerase II, furotin mai yanka DNA don warware ta, sake haɗa inda ya yanka, sel mai lafiya zai ja birki ya gyara, shi wannan ba shi da abin ja, haka zai afka cikin rabuwa da kuromosom a kakkarye ya tarwatse. Sannan akwai wani furotin SLFN11, ku riƙe sunan nan don zan dawo kansa, shi in ya ga injin kwafa ya sarƙe sai ya danne shi gaba ɗaya ya hana shi tashi, sel ya mutu. Yawancin wannan kansar da farko suna da SLFN11 da yawa.

'Yar Baba:
Ina biye da ku, a hankali nake karantawa ina maimaitawa. To me ya tsinke birkin tun farko? Baba ya sha taba kusan shekara talatin amma ya bari shekara shida kafin ciwon.

Likitan Ƙirji:
Allah ya jiƙan Baba. Taba ce hajiya, a duk kansoshin huhu babu wadda ta manne da taba kamar wannan, waɗanda ba su taɓa sha ba kuma suka kamu 'yan ƙalilan ne ƙwarai. A hayaƙin akwai sinadarin benzopyrene, jiki na sarrafa shi ya koma wani abu da ke liƙewa a harafin G na DNA, in an zo kwafa sai a rubuta T a wurin, kuma tun 1996 aka nuna yana liƙewa daidai wuraren da TP53 ta fi lalacewa a kansar huhu. A 2010 an karanta DNA ɗin sel na wani mai wannan kansar aka ƙirga kurakurai kusan 23,000. Barin da ya yi ba a banza ba ne, haɗarin yana ta raguwa shekara bayan shekara, sai dai abin da aka riga aka rubuta a wasu sel ba ya gogewa.

Ɗalibin Likitanci:
To ai likita kin ƙarfafa maganata kenan. Kansar da ke ɗauke da dubban kurakurai kuma ba ta da mai gyara, kullum sabon kuskure take haifa, dole cikin biliyoyin sel a samu wanda ya dace da wanda zai kare shi daga kemo. Kamar yadda ake gani a masu wata kansar huhun daban mai kuskure a ƙwayar gadon EGFR, a ba su maganin farko sai wani sabon kuskure mai suna T790M ya fito ya toshe shi.

Ɗan Lab:
Nan ne fa muka rabu. An nemi irin wannan T790M ɗin a kansar nan, an kwatanta DNA kafin magani da bayan dawowa, ba a samu wani kuskure guda da ke ta maimaituwa a yawancin mutane da za a ce ga ɓarawon ba. Abin da aka fi gani shi ne littafin bai canza sosai ba, shafukan da ake buɗewa ne suka canza.

Bari in faɗa yadda yayarmu za ta gani. DNA ɗin sel guda in aka miƙe ta ta kai kusan mita 2, an nannaɗe ta ne a jikin wasu furotin kamar zare a kwarkwaro. Inda aka ɗaure tamau ba a karantawa, inda aka sassauta ana karantawa. Sel ɗin fata da na ƙwaƙwalwa littafi ɗaya gare su, shafin da kowa ya buɗe ne daban. To akwai wani mai ɗaurewa sunansa EZH2, kuma E2F ɗin nan da RB ke riƙewa su ne ke kunna shi, kinga da RB ya tafi sai EZH2 ya yi yawa. A 2017 lab ɗin Charles Rudin a Niyok suka dasa ƙarin marasa lafiya a ɓeraye suka riƙa ba su kemo zagaye bayan zagaye kamar yadda ake wa mutum har ya daina ji, da suka duba sai suka ga a wani kaso EZH2 ya je ya ɗaure shafin SLFN11 ne kawai. Ba a goge shi ba ba a lalata shi ba, rufe shi aka yi. Da suka ba da maganin da ke hana EZH2 aiki shafin ya sake buɗewa kemo ya sake kamawa.

Ni na taɓa renon waɗannan sel ɗin a lab kuma abin da na gani da idona ya fi duk takardar da na karanta zauna min. Ba sa kwanciya a ƙasan faranti kamar sauran sel na kansa, a ruwa suke yawo cure-cure kamar 'ya'yan inabi. Amma in ka bar su ka dawo ka leƙa madubi sai ka ga wasu 'yan kaɗan sun sauka sun manne sun baje sun canza kama gaba ɗaya, ka rantse wani iri ne ya faɗo maka a farantin, alhali uwarsu ɗaya. Hawainiya ce wannan kansar, kuma ni a ganina rikiɗar nan ta fi saurin haɗari.

Ɗalibin Likitanci:
Ban ƙi ba yaya amma kar mu yi kamar DNA ba ta canzawa sam. Na karanta cewa a wasu da suka daina jin magani an samu MYC ya ƙaru a kan wasu 'yan zobban DNA da ke wajen kuromosom, wannan ai canjin rubutu ne ba buɗe shafi ba.

Ɗan Lab:
Gaskiyarka, akwai wannan kuma na karɓa. Amma duba me MYC ɗin ke yi in ya ƙaru. Lab ɗin Trudy Oliver sun nuna a 2017 da kuma 2020 cewa MYC ba gudu kawai yake ƙarawa ba, tura sel yake daga wata kama zuwa wata. An raba kansar nan gida-gida bisa furotin ɗin da ke jan ragamar sel ɗin, akwai mai ASCL1 wadda ta fi yawa, akwai mai NEUROD1, akwai mai POU2F3, sai ta huɗu da aka yi ta ja a kai, a 2019 aka ce YAP1, a 2021 ƙungiyar Lauren Byers a Teksas suka ce a'a a kira ta mai kumburi saboda sojojin garkuwar jiki sun fi shiga cikinta. Da an ɗauka kowane mara lafiya gidansa ɗaya. Sai aka ga MYC na kunna wata hanyar saƙo mai suna Notch ya ɗauki sel daga ASCL1 ya kai shi NEUROD1 ya wuce da shi inda ya bar kamannin sel ɗin jijiya irin na ƙwaƙwalwa, da kansar ke da su tun asali, kwata-kwata. Kenan ko canjin rubutun da ka kawo, ƙarshensa rikiɗa yake haifarwa. Ƙari ɗaya a ƙirjin mutum ɗaya, gidaje biyu uku a ciki, ka kashe wannan wancan ya gaje wurin.

Likitan Ƙirji:
Ku ɗan sassauta kar yayarku ta ɗauka da an duba gidan da kansar Baba take da an canza masa magani. Mu a asibiti har yanzu wannan rabe-raben ba shi ke zaɓar mana magani ba, kowa platinum da etoposide ne, tsarin da ake kai tun shekarun 1980. Kuma da yawan abin da ɗan lab ke kawowa daga ɓera ne, ɓeran kuma bai sha taba shekara talatin ba, DNA ɗinsa ba ta da tarin kurakuran da ta mutum ke da shi. Dalilin dogaro da ɓera shi ne ba kasafai ake yi wa masu wannan ciwon tiyata ba, kusan biyu cikin uku kafin su zo ya riga ya bazu, ɗan abin da allura ta tsinko ne kawai ke zuwa lab, shi ma sel ɗin laushi gare su suna murƙushewa. Amma a kan asalin gardamarku ni ina bayan ɗan lab, saboda abin da muke gani da ido. Mai kansar huhu irin ta EGFR, wadda ba ta da alaƙa da wannan, ana ba shi maganinsa yana ji, sai ciwon ya dawo a sake tsinko nama a tarar ya koma mai ƙananan sel, ga tambarin EGFR ɗin na asali yana nan a jikinsa. A wani bincike na 2011 mutum 5 cikin 37 haka ta faru da su. Kuma waɗanda abin ke faruwa da su za ka tarar sun rasa RB1 da TP53. Rasa biyun nan kamar sakin linzami ne, sel ya manta ko shi wane ne.

'Yar Baba:
Likita to ƙwaƙwalwar fa? Ita ce ta fi tsaya min. Ƙirji ya yi fes a hoto, ta ina ya bi?

Ɗan Lab:
Ta jini yaya, kuma da wuri. A Manchesta ƙungiyar Caroline Dive sun ƙirga sel na kansa da ke yawo a jinin masu wannan ciwon, a ɗan kwalbar jini mai mililita 7.5, sama da kashi 80 cikin 100 na marasa lafiyar an samu, wasu ma dubbai a kwalba ɗaya, alhali a wasu kansoshin in ka samu biyar ka yi sa'a. A 2014 suka tace su daga jini suka sa wa ɓera sai ga ƙari ya tsiro, wato ba gawa ce ke yawo ba iri ne mai rai. Wasu a dunƙule suke tafiya, cure guda, wanda hakan ke kare su daga mutuwar da ke kama sel in ya rabu da mazauninsa.

Me ke ba su ƙafar tafiya? Asalin yawancinsu wasu sel ne 'yan kaɗan a bangon hanyoyin iska masu ɗabi'ar jijiya da ta fitar da sinadarin saƙo, su ke jin ƙarancin iska da abin da aka shaƙa. To a 2016 lab ɗin Monte Winslow a Stanford suka kwatanta ƙarin huhu da wanda ya je hanta a ɓera, suka ga a wanda ya yi tafiyar an sassauta ɗaurin DNA a dubban wurare, kuma mai sassautawar furotin ne guda, NFIB. Shafukan da ya buɗe kuwa irin waɗanda sel ɗin ƙwaƙwalwa ke amfani da su ne lokacin da jariri ke ciki, sa'ad da suke ƙaura daga inda aka haife su zuwa inda za su zauna. Bayan nan aka ga sel ɗin kansar na fitar da dogayen hannuwa sirara kamar na jijiya suna jan jiki da su. Ba sabuwar dabara suka ƙirƙira ba, tsohon shafi ne da ke cikin littafin kowa suka buɗe.

Kuma suna aiki tare, wannan ne ya fi ba ni tsoro. A 2011 lab ɗin Berns suka raba masu kamar jijiyar da waɗanda suka rikiɗe suka manne, irin waɗanda na ce na gani a faranti. Aka sa wa ɓera kowanne shi kaɗai, ƙari ya fito amma bai je hanta ba. Aka gauraya su, sai ga shi a hanta. Masu mannewar ba su ke tafiya ba, su ke ba masu tafiyar guzuri, daga baya aka gano ɗaya daga saƙon da suke aikawa FGF2 ne. Sannan a hankali suke rabuwa don haka kemo bai cika samunsu ba.

Malamin Bayoloji:
Ikon Allah. Wato ciwon da kansa ya raba wa 'ya'yansa aiki. To in sel ɗin dama ɗabi'ar jijiya gare shi, ashe zuwa ƙwaƙwalwa kamar komawa cikin dangi ne.

Ɗan Lab:
Haka ne malam, har ma ya wuce yadda ake zato. A 2025 an wallafa ayyuka a mujallar Nature da suka nuna sel ɗin nan na harba wutar lantarki irin ta jijiya, kuma jijiyoyi na gaske na ƙulla mahaɗa da su kamar yadda suke ƙullawa da junansu, saƙon da ke shigowa ta nan yana ƙara musu girma.

Likitan Ƙirji:
Ga kuma ɓangarenmu mai sauƙin fahimta. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da shinge da ke tace abin da zai shiga, yawancin kemo ba ya ratsa shi da ƙarfin da yake ratsa huhu. Sel goma ko ɗari da suka riga suka tsallaka babu sikanin da zai gan su, sai sun taru sun kai 'yan milimita. Aƙalla mutum 1 cikin 10 ranar da aka gano ciwon ya riga ya je ƙwaƙwalwa, a tsawon jinya kuma abin na kusantar rabi. Shi ya sa tun da daɗewa ake gasa wa wasu ƙwaƙwalwa da hasken rediyeshan don rigakafi ko da hoto bai nuna komai ba, wasu kuma a riƙa bin su da MRI a kai a kai, saboda gashin ma yana taɓa tunani.

Anti Nas:
Wannan ɗabi'ar jijiyar mu ma muna ganin ta a gado ba sai a lab ba. Za a kawo dattijo yana ruɗewa yana magana ba kan gado, 'ya'ya su ɗauka ya taɓa ƙwaƙwalwa, a auna jini a ga gishirin sodiyam ne ya faɗi ƙasa warwas saboda ƙarin na fitar da sinadarin da ke hana fitsari fita, ruwa ya taru ya tsinka jinin. Na taɓa jinyar wani da ƙafafunsa suka mutu ba ya iya tashi daga kujera, bakinsa kullum a bushe, watanni kafin a ga komai a huhu, ashe garkuwar jikinsa ce ta tashi yaƙar kansar ta haɗa da mahaɗar jijiya da tsoka don kamarsu ɗaya. Lambert-Eaton ake ce masa.

Ɗalibin Likitanci:
Anti wannan ya kawo ni inda na kasa haɗawa. Kansar da ke da dubban kurakurai ai ita ya kamata garkuwar jiki ta fi gani, amma da aka ƙara atezolizumab, maganin da ke kwance wa garkuwar jiki hannu, a kan kemo a 2018 tsakiyar tsawon rai, wato lokacin da rabin marasa lafiyar ke kaiwa, daga wata 10.3 ya koma 12.3 ne kawai, ɗan uwansa durvalumab ma 13 da 10.3.

Ɗan Lab:
EZH2 ɗin nan dai ƙanina. Kusan kowane sel yana da wani faranti a bayansa, MHC na ɗaya, da yake ɗora gutsattsarin abin da ke cikinsa don sojojin garkuwar jiki da ake kira T su duba. Tun 1985 aka lura wannan kansar kusan ba ta da farantin, daga baya aka ga rukunin da EZH2 ke ciki ne ke ɗaure shafukan. Kurakuran suna nan jibge amma ba a baje su ba, ka kwance wa soja hannu amma bai ga kowa ba. Shi ya sa dabarar maganin tarlatamab ta burge ni, ba ya jiran farantin, hannu biyu gare shi, ɗaya ya kama furotin DLL3 a bayan sel ɗin kansar ɗaya ya kama furotin CD3 a jikin sojan T ya haɗa su ƙirji da ƙirji. DLL3 kuwa ASCL1 ne ke kunna shi, yana bayan sel a kusan kashi 85 cikin 100 na wannan kansar, lafiyayyun sel kuma kusan babu a bayansu. Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2024.

Likitan Ƙirji:
Kuma a gwajin da aka kwatanta shi da kemo ga waɗanda ciwon ya dawo musu, tsakiyar tsawon rai wata 13.6 ne da 8.3. Ga wanda bai san ciwon nan ba zai ga kaɗan ne, mu da muka shekara da shekaru ba abin da ya motsa lambar nan mun san girmansa. Kafin shi an gwada wani maganin a kan DLL3 ɗin dai, Rova-T, ya faɗi aka dakatar a 2019. Ga waɗanda nasu bai fita daga ƙirji ba kuma, durvalumab bayan kemo da gashi ya kai tsakiyar rai kusan wata 56 maimakon 33. Amma ka lura ɗan lab, da hujjarka zan kama ka, sel ɗin da ya bar gidan ASCL1 zai iya sauke DLL3 ɗin ma.

Ɗan Lab:
Ba musu likita, shi ne abin da ke hana mu barci.

'Yar Baba:
Na gode muku duka, Allah ya saka. Tambaya biyu suka rage min kuma su ne ainihin abin da ya sa na yi rubutun. Wannan birkin da ya tsinke, mu 'ya'yansa mun gada? Sannan Baba ya yi kusan wata biyu yana tari kafin mu matsa masa ya je asibiti, ni ce babba, kullum sai in ga da na ja shi tun satin farko.

Likitan Ƙirji:
Ta farko, a'a hajiya. Lalacewar a sel ɗin huhunsa ta faru, cikin shekarun da hayaƙi ke bi ta wurin, ba ta cikin abin da ya ba ku. Akwai iyalai 'yan kaɗan da ake haifa da RB1 ko TP53 guda a lalace, amma su galibi tun yarinta ake ganewa, kansar ido a jarirai ko kansoshi iri-iri a dangi tun da ƙuruciya. In akwai mai shan taba a ƙannenki shi ne wanda za ki zauna da shi.

Ta biyu kuma ki saurare ni da kyau. Wannan ƙarin yana iya ninka kansa cikin kamar wata ɗaya, kuma yana zuba iri a jini tun yana ƙarami, tari kuwa sai ya girma ya danne hanyar iska yake farawa. A babban gwajin da aka yi a Amurka inda ake yi wa masu shan taba sikanin CT duk shekara tun ba su da alamar komai, an rage mace-macen kansar huhu gaba ɗaya, amma wannan nau'in ko a nan yawanci an same shi ya riga ya yi nisa, da yawa tsakanin hoton bara da na bana suka fito. Mutanen da ake dubawa tun kafin su yi tari ko sau ɗaya kenan. Wata biyunki ba su ne suka kai shi ƙwaƙwalwa ba.

'Yar Baba:
Kenan ranar da aka juyo mana da kwamfutar muna ta hamdala, suna can.

Likitan Ƙirji:
Mai yiwuwa ƙwarai suna can, ƙanana yadda na'ura ba za ta gani ba. Amma abin da kuka gani a hoton ma gaskiya ne, ƙarin ya narke da gaske, numfashin da ya samu da benen da ya hau duk na gaske ne, ba don kemon ba wannan ciwon in ya bazu makonni zuwa 'yan watanni kaɗan yake ba mutum.

'Yar Baba:
A watannin nan ne ya ga haihuwar ɗana na fari, ya ɗauke shi da hannun nan na hagu. Ƙanina na biyu yana sha, yau da daddare zan kira shi in karanta masa abin da kuka rubuta tun daga kan birki biyun.